'Yata na son barin jami'a saboda wasan golf, babanta kuma zai sayar da fuloti

Assalamu alaikum Anti. Maigidana ya fara da ɗaukar wa masu wasan golf jakar sanduna tun yana saurayi, yanzu ma'aikaci ne a kulob ɗin garinmu. 'Yarmu ta fari ta taso tana bin sa filin, tun tana shekara tara take riƙe sanda. Yanzu shekarunta 18, tana aji ɗaya a jami'a, kuma duk gasar matan da aka yi a kulob ɗin cikin shekara biyun nan ita ke ɗaukar kofi. Babanta ya ce tana gama ramuka 18 da bugu 76 zuwa 78. Filin namu babu ciyawa a bakin ramuka, yashi ne.

Wani attajiri ɗan kulob ya ce asara ce a bar ta a aji, zai biya mata kuɗin jirgi zuwa Maroko ta shiga gasar neman katin ƙwararru. Tun daga ranar ta daina maganar karatu. Babanta ya ce zai sayar da fulotin da muka saya don gina gida, ya cika sauran kuɗin. Dangina kuma sun sa ni a gaba, wai wasan maza ne, wai wa zai auri mai yawon ƙasashe. Ni ban taɓa zuwa na ga wasanta ba, kin san 'yar fari, kuma ban san komai a kan golf ba. Ba na son in zama wadda ta tare mata arziki, ba na kuma son mu tashi a tutar babu. Me zan yi?

Daga wata uwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in ba ki amsar tun farko, dalilai su biyo baya. Kada a sayar da fulotin nan, kada ta bar jami'a bana, kada kuma a raba ta da sandarta. Duka ukun za su iya tafiya tare, kuma ke ce kika fi kowa damar haɗa su a gidan nan, domin maigida ya riga ya hango ta a talabijin, dangi kuma sun riga sun yanke hukunci ba tare da sun san abin da ake magana a kai ba.

Tunda kin ce ba ki san wasan ba, ki fara sanin yadda ake cin abinci da shi. 'Yar ƙwallon ƙafa tana da kulob mai biyan ta albashi ko an ci ko an sha kashi. Ƙwararriyar 'yar golf ba ta da mai biyan ta. Ita ke sayen tikitin jirginta, ta kama ɗaki, ta biya mai koyar da ita, ta biya mai ɗaukar mata jaka kuɗinsa na mako, sannan ta ba shi kaso daga abin da ta ci. A yawancin gasanni, bayan zagaye biyu, wato an buga ramuka 18 sau biyu, sai a yi tankaɗe da rairaya, a sallami kusan rabin 'yan wasan, kuma wadda aka sallama ko sisi ba ta samu. Ta kashe kuɗin mako guda da Yuro ko dala, ta koma filin jirgi hannu rabbana. Katin da attajirin ke magana a kai izinin shiga gasannin ƙwararrun mata na Turai ne, Ladies European Tour. Gasanni da dama a can jimillar kyautarsu Yuro 300,000 ne. Wadda ta zo ta ɗaya ta ɗauki 45,000, wadda ta tsallake da ƙyar ta ƙare a ƙasa kuma abin da za ta samu bai wuce wajen Yuro 1,000 ba, wanda sau da yawa ko kuɗin jirgi da masauki bai rufe ba. Manyan kuɗin da ake ji a labarai gaskiya ne, a 2024 Yuka Saso ta ɗauki dala miliyan 2.4 a gasar US Women's Open. Amma mace ɗaya ce ta ɗauka a duk duniya a shekarar. Kuɗin fulotinku, in an canza shi zuwa kuɗin waje, 'yan watanni zai yi a irin wannan yawon.

Yanzu ga maganar da na san ba za ta yi wa maigida daɗi ba, amma shi da ya yi shekaru da jaka a kafaɗa ya san gaskiya ce. Bugu 76 zuwa 78 wasa ne mai kyau ƙwarai ga yarinya a kulob, ya cancanci kofi. A golf mai ƙarancin bugu ke cin nasara, kuma yawancin filaye an ƙayyade musu bugu 72. Matan da ke riƙe katinsu a manyan gasanni suna zagaya 71 zuwa 72 ne a matsakaici, gwanayen cikinsu kuma 69 zuwa 70. Tazarar bugu biyar a zagaye ɗaya ta zama goma a kwana biyu, kuma mai tazarar goma ba ta tsallake tankaɗen da na faɗa miki. Ƙari a kan haka, filayen da ƙwararrun mata ke wasa suna kaiwa kusan yadi 6,500, alhali wurin da matan kulob ke fara bugu an matso da shi gaba sosai. Ki tambayi maigida daga ina take fara bugun da ya ba ta 76 ɗin.

Sai batun yashi, wanda ya fi komai damuna a wasiƙarki. A filin yashi, kafin a tura ƙwallo rami sai an ja abin share hanya an lallaɓe yashin ya kwanta, ƙwallon ya tafi kusan miƙe, kuma dole a buga shi da ɗan ƙarfi. A ciyawar da aka aske ta yi santsi, ɗan taɓi kaɗan sai ƙwallo ya gangara ya wuce rami da taku uku, ga tudu da kwari da sai ido ya saba kafin ya karanta su. Ƙwallon da aka ɗago daga nesa ma yadda yake sauka ya tsaya a yashi daban, a ciyawa daban. Kusan bugu biyu cikin kowane biyar a zagaye na turawa rami ne. Yarinyar da hannunta ya tashi a yashi, in aka kai ta Maroko kai tsaye, za ta tarar da wani sashe babba na wasan da ba ta taɓa koyo ba, kuma ba laifinta ba ne. Abu ne da ake koya, amma ba a mako ɗaya ba, ba kuma a ranar jarrabawa ba.

Ina so ki ji labarin Lorena Ochoa, 'yar Meziko, domin farkonsa ya yi kama da na 'yarki. Ta taso a Guadalajara, gidansu kusa da filin golf, ta fara wasa tana shekara biyar, a ƙasar da mata ba su yi suna a wasan ba kafin ita. Tana da duk dalilin da za ta yi gaggawa, amma a 2000 sai ta shiga Jami'ar Arizona a Amurka, tana karatu tana yi wa jami'ar wasa. A shekararta ta biyu ta shiga gasa goma ta ci takwas. Sai da ta kai ba sauran wadda za ta kara da ita a wannan matakin sannan ta koma ƙwararriya a 2002, kuma ko a lokacin daga ƙaramin rukuni ta fara, ta ci gasa uku, ta samu shiga LPGA, babban rukunin mata na Amurka. Ta zama ta ɗaya a duniya a 2007, ta riƙe matsayin makonni 158 a jere, ta ci gasa 27 a LPGA, sannan ta ajiye sanda a 2010 tana shekara 28, ta koma ga iyalinta da gidauniyarta mai kula da makarantar yara marasa ƙarfi a garinsu. Abin da nake so ki ɗauka shi ne tsarin hawan. Ba ta tsallake mataki ba sai ta gama da shi. 'Yarki ta gama da kulob ɗinku. Ba ta gama da Najeriya ba tukuna, balle Afirka.

Ki kuma dubi Ashleigh Buhai ta Afirka ta Kudu. Tana shekara 14 ta ci babbar gasar matan ƙasarsu a 2004, cikin ƙwararru, ita kuwa 'yar makaranta. Ta koma ƙwararriya a 2007. Nasararta ta farko a LPGA sai a 2022 ta zo, a Muirfield ta Scotland, tana shekara 33, bayan ta shiga gasa sama da 200 a rukunin. Wannan yarinya ce da ta tashi a ƙasa mai ɗaruruwan filayen ciyawa da masu koyarwa. Shekara goma sha biyar ta jira. Daga gida Najeriya ma akwai Georgia Oboh, mace ta farko daga ƙasar nan da ta samu katin gasannin Turai. Ta taso a Ingila, ta wakilci Najeriya a wasannin Olamfik na matasa a Buenos Aires a 2018, ta koma ƙwararriya tana shekara 17. Ta nuna cewa ƙofar a buɗe take ga 'yar Najeriya, kuma shekarun da ta yi tana fafutuka bayan samun katin sun nuna cewa katin mafarin aiki ne kawai.

Akwai wani abu da nake zaton ko attajirin bai yi muku bayaninsa ba. A golf akwai bambanci na doka tsakanin mai yi don sha'awa da ƙwararre. Muddin 'yarki ba ta ayyana kanta ƙwararriya ba, tana da damar wakiltar ƙasa a gasannin 'yan sha'awa, tana da damar neman gurbin karatu kyauta a jami'o'in waje masu ɗaukar 'yan golf. Ranar da ta koma ƙwararriya waɗannan ƙofofin za su rufe, kuma dawowa sai an nema an jira. Ga kuma sauƙin da aka samu: tun 1 ga Janairun 2022 hukumomin da ke tsara dokokin wasan, R&A da USGA, suka sassauta, 'yar sha'awa za ta iya karɓar tallafi daga mai ɗaukar nauyi, har ma da kyautar kuɗi da ba ta wuce dala 1,000 ba a gasar da ake ƙirga bugu tsagwaronsa, ba a yi wa kowa rangwame. Wato attajirin zai iya taimaka mata yau ɗin nan ba tare da ta bar aji ko ta rasa matsayinta ba. Ita kanta gasar ta Maroko an sha shigarta a matsayin 'yar sha'awa. Aditi Ashok ta Indiya haka ta shige ta a Disambar 2015, ta zo ta ɗaya tana shekara 17, sai bayan ta ga kati a hannu ta koma ƙwararriya. Kowace shekara ana fitar da sharuɗɗan shiga, har da iyakar handikaf, wato lambar da ke auna ƙwarewar mai wasa, sai a duba na shekarar kafin a sayi tikiti.

Don haka ga abin da zan so ku yi da shekara ɗaya zuwa biyu masu zuwa. Duk hutun jami'a ta tafi inda ake da ciyawa, irin filin IBB na Abuja ko na Ikoyi a Legas, ta shiga gasannin da ƙungiyar matan golf ta ƙasa ke shiryawa, ta riƙa fara bugu daga baya inda filin ya fi tsawo. A sayi littafi guda, a rubuta kowane zagaye na gasa: filin, tsawonsa, jimillar bugu, da yawan bugun turawa rami. Zagayen atisaye da ƙawaye ba ya shiga littafin. Ku zauna ku uku tun yanzu, kafin a fara, ku amince da lamba. In zagaye ashirin na gasa a dogon filin ciyawa suka ba da matsakaicin 73 ko ƙasa, to maganar Maroko ta zama magana, ni ma zan ce a tafi. In sun tsaya a 77, to littafin ne ya faɗa, ba ke ba, kuma ba wanda zai ce uwa ta tare wa 'yarta hanya. Ta kuma nemi shiga gasannin da ake lissafawa a jerin 'yan sha'awa na duniya, domin shi masu ɗaukar ɗalibai ke dubawa. Tun 2024 R&A ke shirya gasar 'yan sha'awa ta Afirka, an fara ta a Leopard Creek ta Afirka ta Kudu, da ɓangaren mata da ake gayyata. Irin wannan gayyatar ya kamata ta zama burinta na kusa.

Karatu a waje ta hanyar golf hanya ce ta gaske. Maha Haddioui ta Maroko, Balarabiya ta farko da ta samu cikakken katin gasannin Turai, sai da ta yi karatu a Jami'ar Lynn ta Florida. Catriona Matthew ta Scotland ta yi Jami'ar Stirling da tallafin golf. Sai dai biza ta yi wuya a wannan zamanin, kuma jami'o'in Amurka suna ƙirga shekarun da ɗaliba za ta yi musu wasa tun daga lokacin da ta fara jami'a ko a ina ne, don haka in za a nema, bana za a fara aika bidiyon bugunta da sakamakonta, ba sai ta kai aji uku ba. In hakan bai yiwu ba, digirin da take yi a gida bai hana komai ba.

Batun attajirin kuwa, ban san shi ba, kuma ina kyautata masa zato. Amma kuɗin jirgi shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ake bukata, kuma alkawarin da aka yi a zauren kulob bayan an ga yarinya ta ɗaga kofi yakan yi sanyi in ta faɗi gasa uku a jere. In da gaske yake, maigida ya same shi da wani dattijo a matsayin shaida, a rubuta: nawa zai bayar, na shekara nawa, kyauta ce ko bashi, in akwai kason da yake so daga abin da za ta ci nan gaba nawa ne. A roƙe shi ya karkatar da kuɗin Marokon zuwa mai koyarwa da tafiye-tafiyen Abuja da Legas. Mai son ci gabanta zai yarda da wannan cikin sauƙi. Kuɗin kuma ya bi ta hannun iyaye, magana ta bi ta hannun iyaye, kada ya zama yarinya 'yar 18 ce ke kiran babban mutum a waya tana neman kuɗin masauki. Wannan kariya ce gare ta, kariya ce kuma ga mutuncinsa.

Dangi ba su yi laifi ba da suka damu da tarbiyya, amma sun yi kuskure a kan wasan. Ba a taɓa jikin kowa a golf. Ba dokar da ta tilasta gajeren siket, mata da yawa dogon wando da riga mai dogon hannu suke sawa saboda rana, kuma ba abin da zai hana ta rufe kanta. Tafiya kuma ba dole ta yi ta ita kaɗai ba, domin wasan da kansa ya tanadi mutum na biyu a gefenta. Aditi Ashok mahaifinta ne ya ɗaukar mata jaka a Olamfik na Rio a 2016, a Tokyo kuma mahaifiyarta ce ta ɗauka, ta ƙare ta huɗu. Ines Laklalech ta Maroko, wadda ta ci gasar Faransa a 2022 ta zama Balarabiya ta farko da ta ci gasa a rukunin Turai, mijinta ne ke ɗaukar mata jaka. Catriona Matthew ɗin nan ta ci babbar gasar matan Birtaniya a 2009, mako 11 bayan ta haifi 'yarta ta biyu. Ku kuwa Allah ya ba ku uba wanda ɗaukar jaka ce sana'arsa ta asali, ga muharrami ga masanin fili. Ki faɗa wa dangi wannan sau ɗaya cikin ladabi, kada ki zauna kina maimaitawa. Aure kuma lokaci ne, in ya zo a gaya wa manemin gaskiyar abin da take yi tun ranar farko.

Maigida shi ne wanda za ki fi lallaɓawa. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana tafiya a bayan wasu da jakarsu, yau ga 'yarsa tana buga abin da su ba su iya ba, ba abin mamaki ba ne ya ji zai iya sayar da komai. Kada ki fara da fuloti, in kin fara da shi zai ji kamar kin raina burinsa. Ki same shi bayan ya ci abinci ya huta, ki ce, "Baban yara, kai ka san wasan nan, ni ban sani ba. In aka kai ta ciyawa gobe, bugu nawa za ta yi?" Ki bar shi ya ba da amsa da bakinsa. Sannan ki tuna masa cewa yarinyar da ta san gidan iyayenta aka sayar don ta buga ƙwallo, hannunta zai yi rawa a kan kowane bugu, kuma golf wasa ne da rawar hannu kaɗan ke ɓata shi. Ki tuna masa kuma in zai riƙa bin ta, sai an tsara yadda aikinsa na kulob ba zai salwanta ba, domin shi ke ciyar da ƙannenta.

Ita yarinyar, ki gaya mata ƙarara cewa ba ki ce a'a ba, kin ce a gwada a gani, kuma sharaɗin tallafin gida shi ne sakamakon jami'a kada ya faɗi. Ta kuma sani cewa ko lambobin ba su kai ba, golf bai ƙare mata ba. Akwai koyarwa, akwai alƙalancin gasa, akwai tafiyar da kulob, kuma mai digiri ta fi samun waɗannan. Mata nawa ne a Arewa za su so su koyi wasan nan, ko su kai 'ya'yansu, da a ce mace ce za ta koya musu? Wannan kaɗai sana'a ce mai rufin asiri, ba sai an hau jirgi ba.

Na fahimci kunyar 'yar fari, da ita muka tashi. Amma ki je gasarta ta gaba, ki tafi da ƙanwarki ko wata aminiya, ki bi ta ko ramuka tara ne daga nesa. Ba sai kin yi tafi ko kin kira sunanta ba. Ki lura da yadda take yi bayan ta ɓata bugu, ko tana hucewa kafin rami na gaba ko tana ɗauke da fushin har ƙarshe, domin wannan ke kika fi kowane mai koyarwa iya karantawa a fuskarta, kuma za a bukace shi ranar yanke shawara. In littafin ya cika zagaye ashirin, ki sake rubuto min da lambobin da sunayen filayen, mu duba tare.